Safar da Na Sa wa Inna

Ko da zan manta da komai na zaman da na yi a Amurka, ba zan manta da lokacin sanyin da Inna ta zo mana daga Zariya ba, da safar da na sa mata da hannuna.

A lokacin muna zaune a Gaithersburg, ina aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Beltsville. Aikin tsayuwa ne tun safe har yamma. Bayan haihuwata ta biyu jijiyoyi suka fito min raɗa-raɗa a bayan gwiwa, fatar cinyata kuma ta yi gargada kamar ɓawon lemo. Abin ya dame ni ƙwarai, don ni mace ce mai son gayu, ba zan ɓoye ba. Wata abokiyar aikina ta nuna min doguwar safa mai matse ƙafa, ta ce tana taimaka wa jini ya koma sama. Na saya na gwada. Gargadar cinya dai tana nan daram da zarar na cire, amma nauyin ƙafa da kumburin yamma suka tafi. Shi ke nan fa, na zama malamar safa! Duk wadda ta ce min ƙafarta na ciwo a wurin suna ko walima, sai na hau yi mata wa'azi.

Inna ta sauka da ƙafafu a kumbure saboda doguwar tafiyar jirgi. Tana da ciwon suga shekara da shekaru, na kuma sani sarai. Amma ko a raina ban kawo ba. Na ɗauko sabuwar safa cikin nawa, alhali ƙafar Inna ta fi tawa kauri nesa ba kusa ba. Na durƙusa ina ja, ina nishi, har ta shige.

"Ba ta yi matsi da yawa ba?" in ji Inna, tana kallon bango.

Na ce, "Ai matsin shi ne maganin, Inna. Ki dai bar ta, za ki ga aiki."

Ni ce 'yar farinta. Tunda nake, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ba ta cin abinci a gabana in ba dole ba, balle ta buɗe min jikinta ta ce ga inda ke ciwo. Na san wannan kunyar tun ina ƙarama, amma shekarun da na yi a nan sun sa na saba da mutanen da in abu ya dame su sai su faɗa. Kullum in na dawo aiki sai in tambaye ta, "Ya ƙafar?" Ta ce, "Da sauƙi." Ni kuwa sai in wuce kicin ina jin daɗi.

Ashe saboda sanyi da wahalar cirewa, Inna ba ta rabuwa da safar. Da ita take kwana, a kanta take shafa in za ta yi alwala. Ranar wanka kaɗai take fama ta cire, ta sake fama ta mayar. Bakin safar kuma ya naɗe a ƙasan gwiwa, ya shaƙe wurin tamau.

Wata Asabar da rana maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Jos, ta kawo wa Inna gwaten acca. Tana ganin yadda Inna ta taso tana ɗingishi sai ta ajiye kwanon.

"Mama, zauna in ga ƙafar nan."

Ina tsaye ina cewa ai ta samu sauƙi, kumburin ma ya saɓe. Ba ta ko kalle ni ba. Ta nemi almakashi ta tsarge safar. Innalillahi! Yatsu biyu na ƙafar hagu sun yi baƙi ƙirin, ga wani miki a diddige. Ta taɓa ƙafar ta ce sanyi ƙalau.

"Mama, tun yaushe?"

"Ya kai sati biyu tana min zugi," in ji Inna a hankali.

"To me ya hana ki faɗa?"

Inna ta sunkuyar da kai. "Ita ta ba ni, tana ta murna. Da wane baki zan ce mata abin da ta ba ni yana cuta ta?"

A gabana ta faɗi haka, ga baƙuwa, abin da ta kasa faɗa min cikin sati uku muna gida ɗaya. Wallahi na gwammace a ce marina ta yi.

A asibiti likita ya yi min bayani ba tare da faɗa ba, kuma hakan ya fi min zafi. Ya ce sugan ya riga ya tsuke hanyoyin da ke kai jini ƙafarta, irin wannan ƙafar ba a matse ta sai an auna an duba. Safar da ke taimakon jinina ya hau, ita ta hana nata sauka. Suka yi iya ƙoƙarinsu, amma sai da aka yanke yatsun nan biyu.

Inna ta zo da ƙafarta, ta koma Zariya da sanda. Har ta rasu a zaune take salla, kuma ko sau ɗaya ba ta ɗora min laifi ba. In 'yan'uwa suka tambaya sai ta ce suga ne.

Har yau ina sa safata, don tana min amfani, amma na daina rubuta wa mutane magani. Na gane cewa abin da ya yi wa jikina daidai zai iya lalata na wani. Na kuma gane cewa in uwa irin tawa ta ce "da sauƙi", ba amsa ta ba ka ba, kara ta yi maka. Sai ka durƙusa ka duba da idonka, ko ka kira wanda ba ta jin kunyarsa ya tambaye ta. Ni ban yi ko ɗaya ba.