Ranar da Aka Neme Ni a Ƙarƙashin Ruwa

Ni mutum ne mai ƙarin gishiri, wannan duk unguwarmu a Daura an sani. In na ce na ga kura, sai a tambaye ni kare ne ko kyanwa. Matata ma in na kawo mata labari, gida uku take raba shi, ta zubar da biyu, ta riƙe ɗaya tana jujjuyawa. Amma wannan da zan bayar ban sa masa ko ƙwayar gishiri ba, don ba labarin da nake jin daɗin bayarwa ba ne.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, yana zaune a wani ƙauye da ke bakin dam, tafiyar rabin awa a babur daga gari. Masunci ne tun tasowarsa, kuma da ƙuruciya babu mai nutso kamarsa a duk gaɓar nan. Ko akuya ce ta faɗa ruwa ko mutum, shi ake kira. Ni kuwa malamin firamare ne, ruwan da na sani shi ne na buta. Yana kirana ɗan birni, ina kiransa ƙanin tarwaɗa, kuma ba mu taɓa haɗuwa muka rabu ba tare da ɗaya ya bar ɗaya da abin kunya a gaban mutane ba.

Shekara biyu kafin abin da zan faɗa, ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Ni na kai shi asibiti, ina tsaye likita ya ce masa tuƙa kwalekwale da shimfiɗa koma ba laifi, amma nutso ya ƙare, huhunsa ba zai sake ɗauka ba. Da kunnena na ji. Har na tsokane shi a hanya, na ce yanzu mun zama ɗaya ni da shi, daga wanka sai alwala.

Wata Asabar a ƙarshen damina, dam ya cika ya batse, na shirya da safe na tafi ƙauyen da ƙugiyar fatsata. Na tarar ya tafi gona girbin gero. Matarsa ta ce in jira shi ya dawo ya fita da ni. Na ce mata ni da na taɓa tsallake Kwara a cikin daro, wannan ɗan tafkin ne zai gagare ni? Ta yi dariya, ta ba ni fura a jug, ta ce dai kada in yi nisa.

Na kwance jirgin taubashina na shiga. Na cire takalmana na ajiye a ƙasan jirgi, na cire hula na sa waya a cikinta don kada ruwa ya taɓa ta. Na bi gefen gaɓa ina tuƙi kamar mai dama kunu, har na zagaya wata kwana da ciyawa ta rufe, ƙauyen ya ɓace mini. Kifi ko ɗaya bai kula ni ba. Furar ce kawai ta yi aikinta, fitsari ya matsa mini. Na matso inda ruwa bai wuce gwiwa ba, na sauka, na ɗaure igiyar a jikin wata doguwar ciyawa, irin ɗaurin da nake wa bakin buhu, na haura tudu.

Da na dawo, ciyawar na nan, jirgin ne ba ya nan. Iska ta ja shi, yana can tsakiyar ruwa yana juyi a hankali, da takalmana da hulata da wayata.

Mutanen bakin dam suna da doka guda wadda ko yaro ya sani, kuma taubashina ya sha faɗa mini ita. Duk wanda jirginsa ya kuɓuce, kafin ya yi komai, gidan sarkin ruwa zai fara zuwa ya ce jirgi kaza ya tsere, babu kowa a ciki. Dalili kuwa, in aka tsinci jirgi yana yawo ba mutum, kuma ba wanda ya kawo magana, to ana ɗauka mai shi yana ƙasa. Kowa zai bar abin da yake yi, a shiga ruwa, ba a fitowa sai an san gaskiya. Daga inda nake tsaye zuwa gidan sarkin ruwa bai kai tafiyar minti goma ba.

Ban je ba. Abin da na hango kawai shi ne bakin taubashina. Na san in ya ji cewa na ɗaure masa jirgi a jikin ciyawa na tafi fitsari, to babu suna babu ɗaurin aure da za a yi a dangi ba a ba da labarin ba, har jikokina sai sun ci gadon kunyar. Sai na yi wa kaina lissafi. Iska za ta kai jirgin tsallake. Yayata tana aure a wani ƙauye ta hanyar Sandamu, mijinta yana da babur kuma ya san masuntan tsallaken. Mu je mu ɗauko, in maido shi turkensa kafin la'asar, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Na fita titi ba takalmi, wando duk laka, wani mai babur da ya ɗauko rake ya rage mini hanya. Na tarar mijin yayata ya tafi kasuwa. Ta ce in zauna yanzu zai dawo, ta ba ni wandonsa na sa, ta wanke nawa, ta kawo mini dambu. Na ci na ƙoshi. Maƙwabta suka taru a gindin darbejiya suna tambayar ina takalmana. Na ce musu wani kada ne mai girman motar haya ya taso ya haɗiye jirgin, ni kuma na tako bayansa na yi tsalle zuwa gaɓa. Suka yi ta dariya, wani tsoho har da hawaye. Na ƙara da cewa kadan ya yi mini sallama da Turanci. Ba wanda ya ɗauka akwai wani jirgi na gaske a cikin maganar, balle ya ɗaga waya ya kira wani. Haka na yi wajen awa uku ina shan iska.

Abin da ke faruwa a bakin dam a wannan lokacin, daga baya aka faɗa mini. Wasu masunta biyu ne suka tsinci jirgin suka jawo shi. Sarkin ruwa ya leƙa ciki ya ga takalma, ya ce wanda ya sauka da ƙafarsa ba ya barin takalmi da waya. Matar taubashina ta gane hulata ta ɗora hannu a ka. Aka kira matata, ta ce tun safe ban dawo ba. Aka tattara duk mai iya ruwa, aka bar koma a shimfiɗe, aka bar gero a yanke a gona.

Taubashina kuma da gudu ya taho daga gonar. An ce sarkin ruwa da kansa ya riƙe masa hannu, ya tuna masa maganar likita, ya ce ga matasa nan sun isa. Shi kuwa ya ce musu matasan ba su san ramukan da ke ƙasan kwanar nan ba, shi ya sani. Ya ce, "Ɗan goggona ne, kuma ko iyo bai iya ba. Ku sake ni." Ba wanda ya ƙirga sau nawa ya nutsa. Abin da suka ce kawai, duk fitowar da zai yi sai ya fi daɗewa yana riƙe da bakin jirgi kafin ya koma.

Bayan azahar mijin yayata ya dawo. Ya sauka daga babur yana salati, yana cewa a kasuwa ya ji wani malamin makaranta daga Daura ya nutse a dam. Sai ya gan ni zaune a tabarma cikin wandonsa. 

"Malam, kai ake nema," ya ce. "Tashi mu tafi."

Ban taɓa jin hanya ta yi mini tsawo irin ta ranar ba. Tun daga nesa na hango mutane cike da gaɓar, jirage sun bazu a kan ruwa. Da aka gane ni, hayaniyar ta mutu daga gaba zuwa baya. Matata tana zaune a ƙasa cikin mata, ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai cikin mayafi. Na yi tsammanin zagi, ko ma mari, da na fi so. Sarkin ruwa ya sa aka yi wa na cikin ruwa kira su fito, sannan ya juyo gare ni. Ya ce, "Malam, jirgi ya sha tserewa a nan, har nawa. Baki kawai za ka buɗe." Sai ya nuna mini inuwar wata bishiya.

Taubashina yana kwance a kan gefensa, an rufa masa zanin matarsa. Leɓensa ya yi fari fat, numfashinsa na fita da ƙara kamar ana hura usur. Na durƙusa kusa da shi. Ya buɗe ido ya ƙare mini kallo tun daga kai har ƙafa.

"Ɗan birni, ina ka shiga?"

Na faɗa masa gaskiya, ban rage komai ba, har dambun. Ya ce alhamdu lillahi, ya fara wani abu mai kama da dariya, sai tari ya sarƙe shi, irin tarin da ba ya tsayawa. A bayan motar wani mai sayen kifi muka kawo shi gari, kansa a cinyata.

Ya yi sama da mako biyu a asibiti, kwanakin farko da robar iska a hanci. Kullum ina can. Matarsa ba ta taɓa faɗa mini magana marar daɗi ba, gaisuwa ce dai ta koma gajera. Da aka sallame shi, likita ya ce yanzu ko tuƙin ma a bari. Jirgin yana hannun ƙaninsa, shi kuwa yana zaune a zaure yana ɗinkin komar mutane, daga nan yana hango ruwan.

Bai taɓa ba da labarin a wajen wani suna ko ɗaurin aure ba. Ina jin da ya bayar, da na samu sauƙi.

Nakan je duk ranar Juma'a bayan an sauko. Zuwan farko na yi ƙoƙarin komawa yadda muka saba, na ɗauko masa labarin wani hedimasta da rago ya kora har cikin aji. Ya ƙyalƙyale, tari ya biyo baya, sai da aka kawo ruwan ɗumi aka yi ta shafa masa baya, aka nemo abin shaƙarsa. Matarsa ta raka ni bakin ƙofa, ta ce cikin ladabi, don Allah in na zo in riƙa yi masa hira mai sanyi. Tun daga nan nake zama in gaya masa yadda amfanin gona ya yi a wajenmu, da wanda ya haihu, da wanda ya rasu. Wani lokaci yakan tsokane ni, ya tsura mini ido yana jira in rama. Sai in ce masa haka ne, in miƙa masa zaren.