Zakaran da Malamin Haraji Ya Ƙi Karɓa

"Baba ya rasu, amma har yanzu ana neman harajinsa."

Haka na faɗa wa wani tsohon malamin haraji a Kazaure. Zamanin Turawa ne, ina saurayi. Na tako daga Roni don na ji yana rubuta wa talakawa koke kyauta.

Ya rubuta wa Hakimi, aka soke sunan Baba. Na kai masa zakaran da Inna ta ba ni.

Ya ce, "Mayar mata, ɗana. Ku yi wa mahaifinka sadakar arba'in da shi."

Na tsufa ban san sunansa ba. Ku taya ni yi masa addu'a. Ku fa, wa ya taɓa tsaya muku haka?