Boris ɗin Baba

Jiya a mahaɗar Ndogbong na ga tirela an kwance mata taya. Warin giris ya buge ni, Baba ya faɗo mini a rai.

Tun da ya sa wa tirelarsa sabon birki, ba ya barin unguwarmu ta New Bell sai da boris biyu na ajiya, ƙarfen nan da taya ke juyawa a kai. Yakan ce, "Sabon birki ba ya tausayin tsohon ƙarfe." Ya wanke su da kananzir, ya shafe su da giris a hankali. Ni da ya haifa ban samu wannan lallashin ba. Wallahi kishinsu nake yi.

Sai da na shekara arba'in na koyi karatu. Na kai masa sunana a rubuce. Ko kallo bai yi ba, ya miƙo boris: "To Malama, karanta mini lambar nan."

Na karanta, rai a ɓace. Ya ce, "Shekara talatin ina roƙon 'ya'yan wasu su karanta mini. Yau na huta."

Iyakar yabona ke nan, shi ma albarkacin ƙarfe. Allah ya jiƙanka, Baba, ya sa ka ji na yafe.