Ma'u da Guguwar Saturn

Ma'u direba ne a hanyar Gusau zuwa Tsafe, mutum mai son labarin taurari a rediyo. Ranar nan ya lura babu motar da ke tahowa daga gaba, alamar 'yan bindiga sun tare hanya. Ya gangara gefe ya tsaya. Hajiya Zuwaira, ɗaya daga cikin fasinjojinsa, ta kama salati.

"Hajiya, an ce guguwa ta tashi a duniyar Saturn, masana sun rasa dalili," in ji Ma'u. "Ni kam na daina lodin can."

"Ɗan nan, kai mu Tsafe tukuna!"

Sai ga tirela ta ɓullo a guje, direbanta na nuni a koma. Ma'u ya juya da su Gusau.