Fitilar da ta Mutu a Gaba Huɗu

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Rimin Gado, ni da maƙwabciyata, za mu wani ƙauye bayan Bagwai ganin babban ɗana. Tun da taki ya fi ƙarfinsa ya koma yasar rijiya, sana'ar mahaifina, Allah ya ji ƙansa.

Kuɗin mota ya ninka na bara. Mu huɗu a kujerar mutum uku, ga buhun wake a kan ƙafata. Gonaki manne da juna, gida ba ya nisa da gida. A Bagwai muka sayi ƙosai, maƙwabciyata ta juya ɗaya ta ce wannan ai ƙwayar magani ce, a kawo ruwa.

Da hantsi muka iske shi a bakin wata tsohuwar rijiya, ya ɗaura igiya a ƙugu. Tun safe injin jan ruwa yake aiki a rataye cikinta, saboda tiyon gajere ne. Kashe injin ke nan muka iso.

Na ce, "Babana, kun zura fitila?"

Ya yi dariya. "Inna, mun haska da tocila. Har ƙasa ana gani."

Mahaifina bai taɓa shiga rijiya ba sai ya fara zura fitila mai wuta. Yana cewa inda wuta ta kasa numfashi, mutum ma ba zai iya ba. Kananzir ya yi tsada, fitilu sun ɓace, yaran yanzu suka ɗauka haske ake nema.

Mai rijiyar ya ce, "Hajiya, rana tana yi fa." Ban ɗaga murya ba. Na dai zauna a kan igiyar.

Sai da aka zaga gidaje kafin a samo aci-balbal wajen wata tsohuwa. Aka sa ta a guga, aka zura a hankali. Gaba uku, wutar ta yi ja. Gaba huɗu, ta mutu. Aka sake kunnawa, ta sake mutuwa daidai wurin. Innalillahi! Ni na kwance wa ɗana igiyar daga ƙugunsa.

Ranar ba wanda ya shiga. Aka fito da injin, ɗana ya rantse ba zai ƙara zura shi a rami ba saboda hayaƙinsa.

Mun dawo gida gab da magariba. Ban san irin iskar da ke rijiyar nan ba, abin da na sani kawai ido ba ya ganinta. Ina shiga ɗaki na laluba ƙarƙashin gado na zaro fitilar mahaifina. Na goge ta, gobe zan ba direban mota ya kai wa ɗana.