Kwana Bakwan da Malam Ya Nema a Tsibiri

A garinmu mutum ba ya tafiya haka kawai. Ko ta'aziyya, ko biki, ko kasuwa, ko neman magani. Saboda haka ranar da maigidana ya zauna a tabarma bayan la'asar ya ce mini zai tafi wani tsibiri ya kwana bakwai, abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu," in ji shi. "Hutawa zan yi."

"Malam, a nan gidan ƙaya muka shimfiɗa maka?"

Dariya kawai ya yi. Ni kuwa ba na son dariyar da aka yi a wurin amsa, tun ina yarinya haka nake.

Shi ne malamin asibitin En'e a Birnin Gwari, shekaru kaɗan bayan Turawa sun miƙa mulki, kuma shi kaɗai ne. Wanda maciji ya sara a Kazage wurinsa ake kawowa, haka wanda ya faɗo daga bisa ɗorawa. Ban taɓa ganin ya gama cin tuwo ba a yi sallama da shi ba. A shekarar nan ya rame, yana yawan dafe ƙeya, in ya ɗauki kofi sai in ga ruwan yana rawa. Na gani da idona, amma na ce halin aiki ne. Kwana bakwan nan su yake bukata, ni ce ban yarda ba.

An taɓa tura shi kwas Ikko, can ya ga mutane suna shiga jirgin ruwa ranar Lahadi, a kai su wani tsibiri, su kwanta a yashi ba su tsinana komai ba, su dawo gida. Mu ba mu da teku. Amma can cikin daji akwai inda kogi ya rabu biyu ya sake haɗewa, ya bar tudu a tsakiya mai yashi da inuwar kanya. Wani dattijo Bagwari mai kamun kifi, wanda Malam ya taɓa ɗinke wa ƙafa, shi ya nuna masa wurin, ya kuma yarda zai ƙetarar da shi a kwale-kwalensa.

Mako uku ya yi yana shiri, yana rubutawa a wani ƙaramin littafi. Ni a lokacin ban iya boko ba, saboda haka kowane layi ya ja, sai in ga kamar wani abu ne ake ɓoye mini. Alhali da bakinsa yake yi mini bayani. Ya ce ba a zuwa da damina, ruwa zai shanye tudun, ba a kuma bari sai bazara, zafi zai hana mutum sakat. Sai da kaka, kogi ya lafa amma bai ƙafe ba. Ya tanadi gidan sauro da kwinin, da kilishi da ƙuli-ƙuli da zuma, abincin da ba ya lalacewa. Ashana ya zuba a gwangwani mai murfi. Ya shirya da dattijon cewa kullum da safe zai ratsa ta wajen, in ya hangi farin ƙyalle a kan sanda to lafiya, ya wuce abinsa. Agogo da rediyo ya ce a gida za su zauna, har da akwatin magani.

"In na ɗauki akwatin nan, ai asibitin na ɗauka gaba ɗaya," in ji shi.

Sannan ya hana ni gaya wa kowa inda za shi. Ba ya son rakiya, ba ya karɓar sallahu, kada kuma a jira tsaraba. Wace irin tafiya ce wannan? Mu da in mutum zai je ƙauyen da ke bayan gari sai unguwa ta ɗora masa saƙonni?

Ana gobe zai tafi na ga ya ɗaura ƙaramin shebur a jikin keke, da wata faffaɗar tasa. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san me ake yi da shebur da tasa a bakin kogi. Ramukan da Turawa suka haƙa suna neman zinariya suna nan a daji, muna wucewa ta gefensu. Na tambaye shi, ya ce sheburin na haƙa ramin bayan gida ne, tasar kuma ta wanki. Na ce, "To, Allah ya kiyaye hanya." A raina kuwa na gama yanke hukunci. Tsoro ya kama ni, don ma'aikacin En'e da aka kama yana wankin zinariya ba izini, aikinsa ya tafi, wataƙila har da gidan yari. Amma gaskiya haushi ya fi tsoron yawa. Wato ni ce za a raina wa hankali da zancen hutawa?

Ranar da ya tafi ta dace da ranar kasuwa, yayana ya shigo daga Damari. Shi kaɗai na gaya wa cewa ina zargin neman zinariya Malam ya tafi. Har ya koma ga Allah yana rantsuwa shi ma mutum ɗaya ya gaya wa.

A rana ta huɗu na dama fura, na ce wa Yaya ya raka ni in kai wa Malam. Furar hujja ce kawai, so nake in kama shi da tasa a hannu. Motar katako ta rage mana hanya, sauran muka taka. Tun kafin mu hangi ruwa muka fara jin hayaniya. Maza sun fi a ƙirga, wasu a ruwa har ƙirji da ƙwarya a ka, wasu sun riga sun haye suna ta saran tudun da diga. Farin yashin nan duk sun mai da shi ramuka. Kuma da labari ya bazu cewa malamin asibiti yana nan kusa, ƙauyukan daji suka kwaso marasa lafiyarsu.

Dattijon ne ya ƙetarar da mu. Bai ko dube ni ba, yana tuƙi ya ce, "Kwana biyun farko barci ya yi ta yi. Daga cikin ruwa nake jin minsharinsa. Jiya da hantsi suka fara zuwa."

Na tarar da Malam a durƙushe gefen wata mata mai zazzaɓi da ya kwantar a cikin gidan sauronsa. Kwinin ɗinsa ya rabar. Farin ƙyallen ya yage shi ya ɗaure ƙafar wani da ya sari kansa da diga. Tasar tana gindin kanya da rigarsa a jiƙe a ciki. Sheburin kuwa yana jingine bayan wani kurmi, kusa da ɗan ramin da ya ce zai haƙa. Na tsaya da ƙwaryar fura, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya ɗago ya gan ni, ya ga Yaya a bayana, ya gane komai.

"Fura ce? Miƙa wa baiwar Allah nan, tun jiya ba ta ci komai ba."

Washegari muka dawo tare. A hanya na ce, "Malam, ka yafe mini." Ya ce ya yafe. Sai da muka yi nisa ya ƙara da cewa, "Laifina ne. Da na ce miki ta'aziyya za ni, da kin bar ni."

Da damina ta kewayo, wata safiya yana alwala buta ta suɓuce masa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. A asibitin Kaduna na ji cewa tun bara likita ya ce jininsa ya hau, ya nemi wuri ya huta. Bai gaya mini ba don kada hankalina ya tashi. Ban ce kwana bakwai za su hana abin da Allah ya rubuta ba, likitan ma bai ce haka ba. Amma su ya nema, biyu na bar masa.

A zaman da ya yi a gida ne ya koya mini boko, yana nuna mini baƙaƙe da hannun hagu. Da na fara haɗa kalmomi na ɗauko littafin nan a ɓoye, don har lokacin akwai sauran wani abu a raina. Na bi shi layi-layi da yatsa. Gidan sauro. Kwinin. Ashana a gwangwani. Farin ƙyalle. Shebur. A ƙasan shafin akwai layi ɗaya da bai taɓa karanta mini ba, na daɗe ina haɗa shi kafin ya fito: "In wurin ya yi daɗi, baɗi in zo da ita, ita ma ba ta hutawa."