Yadda Na Rasa Jina a Gindin Lasifika

Edita, na daɗe ina son in rubuto wannan labarin, yau dai Allah ya nufa. A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasar nan, lokacin da rediyo mai kaset da babur suka fara zama kayan kowa, ni saurayi ne a Ƙanƙara. Da damina ina gona tare da mahaifina, da rani kuma ina facin keke a bakin kasuwa. Ba gidan makaɗa na fito ba, amma tun ina ƙarami hannuna ba ya zama wuri ɗaya. Ƙwarya, bokiti, bayan kujera, duk abin da na samu sai na buga shi.

Wani malamin firamare da aka turo garinmu daga Zariya shi ya jawo ni cikin harkar. Ya kawo kekensa faci, ya tarar ina buga sifanar kwance noti a jikin bokitin ruwa, ya tsaya yana saurare har na tsargu. Da na gama masa aiki sai ya ce in leƙo ɗakinsa. A can na ga jita mai aiki da lantarki, ya kuma sa mini faya-fayan wani kiɗa da ya ce ana kiransa rok, mai sauri da kaushi, mawaƙin na rerawa kamar yana faɗa da wani. A ɗakin na haɗu da na ukunmu, wani tsohon soja ɗan Mabai da ya koyi jita mai kaurin murya a bariki. Ya girme mu sosai, shi ya sa muke ce masa Yaya. Mu ukun nan muka zama ƙungiya, ba ubangida, ba mai ɗaukar nauyinmu. Gangunan da hannuna na haɗa su, da gwangwanaye da fatar akuya. Akwatin ƙara sauti wani mai gyaran rediyo a Funtuwa ya harhaɗa mana, muka samo lasifika irin ta masu tallar magani a mota, da tsohon batirin babbar mota.

Malam shi ke tsara waƙoƙin, duk da Hausa. Akwai ta takin zamani da ba ya isowa hannun manomi sai shuka ta wuce, akwai ta samarin da ke barin gona su tafi birni leburanci su dawo da agogo da wando mai faɗin ƙafa kawai, akwai ta hanyar Sabuwa da ke riƙe mota kwana da kwanaki da damina. Ranar da muka fara fitowa a filin makaranta bayan la'asar, dariya aka yi mana. Tsofaffi suka ce wannan ba kiɗa ba ne, hayaniya ce. Mahaifina bai so ba ko kaɗan, amma da Malam ya zo ya durƙusa ya yi masa bayani, sai ya ce ya yarda muddin ba za mu yi roƙo ba, ba za mu wasa wani mai kuɗi ba, kuma mu tashi kafin kiran magariba. Wannan sharaɗin ya zama abin da aka san mu da shi. Mu ne makaɗan da ba a yi wa liƙi don a ji sunan mutum.

Sannu a hankali samari suka fara tsayawa, daga baya suka fara amsa mana amshi. Da kakar auduga muka je Daudawa, muka tarar wasu sun riga sun haddace waƙar taki, domin wani ya naɗe mu a kaset ana ta sa shi a teburin mai shayi. Daga nan sai Faskari. Duk inda za mu, sai ka ga jerin kekuna a bayan motar da ta ɗauko kayanmu. Ba zan ɓoye ba, a rayuwata ban taɓa jin daɗi irin na ganin filin ya cika mutane na tsalle a kan bugun hannuna ba.

Matsalar ta faro daga abin da ba wanda ya ɗauka da muhimmanci. Wayar lasifikarmu gajera ce, don haka kullum a kan sandar da ke gefena ake rataye ta, bakinta dab da kunnena na hagu. Duk sanda jama'a suka ƙaru, sai mu ƙara murɗa sautin don na baya su ji. Ni kuwa haka nake so, domin sai na ji ƙarar na ratsa ƙirjina nake samun ƙarfin bugu. Idan muka tashi, kunnena ya dinga kuka kamar gyare ya shiga ciki, da safe ya daina. Da na ba Yaya labari cikin raha, shi bai yi dariya ba. Ya ce a bariki ya ga masu harba igwa da suka fara da irin wannan kukan suka ƙare da kurumta, ya ce in dinga toshe kunnena da auduga, mu kuma ƙara tsawon wayar. Na gwada audugar sau ɗaya na cire, na ce tana kashe mini daɗin kiɗa. Maganar waya kuma kullum sai mu ce sai an je Funtuwa.

Wata rana kukan ya zo bai tafi ba. Na fara lura idan mutum ya yi magana ta hagu sai na juyo masa da dama. Tsoro ya kama ni, kuma maimakon asibiti sai na je wurin wani mai maganin kunne da ke shimfiɗa a kasuwa. Ya ce datti ne ya toshe, ya ɗiga mini wani mai mai ɗumi a kunnuwan biyu, ya zura tsinke yana sakata. Na hagun bai dawo ba, na daman da ke lafiya kuma ya kumbura ya fara zubar da ruwa. Na toshe shi da ƙyalle na ja hula na rufe, na ci gaba da kiɗa ina kallon hannun Malam don in gane inda waƙa take.

A Sabuwa asirina ya tonu, ranar kasuwa, a gaban taron da ba mu taɓa samun irinsa ba. Muna cikin waƙar hanya, wadda ta mutanen garin ce, zufa ta cika mini ido na sunkuyar da kai ina ta bugu. Ashe waƙa ta ƙare, jita duk sun yi shiru, ni kaɗai nake ta dukan gwangwanaye. Sai da na ji hannu a kafaɗata na ɗago. Na ga Yaya tsaye a kaina, na ga mutane sun zuba mini ido, wasu na dariya, wasu sun riƙe baki. Bakin Yaya na motsi amma ba abin da ke iso mini. Ya janye hular, ya ga ƙyallen, sai ya sunkuyo dab da kunnena na dama.

"Ƙanena, tun yaushe?" ya ce.

Sai kawai hawaye suka zubo mini.

Washegari Yaya da Malam suka kai ni asibiti Zariya. Likita ya duba ya ce na hagun ya mutu, ƙarar ce ta kashe shi, ba kuma abin da za a iya yi. Na daman tsinke ya huda fatar cikinsa, za a kashe ciwon, amma ji kaɗan ne zai rage, kuma idan na koma gindin lasifika shi ma zai tafi. A hanyar dawowa Malam ya ce tun da haka ne su ma sun daina. Na roƙe su kada su yi haka, na ce in suka bari to ciwona ya zama biyu. Da ƙyar suka yarda suka ɗauki wani makaɗi ɗan Faskari, na ba shi gangunana. Abu na farko da Yaya ya yi shi ne sayo doguwar waya.

Na yi zaton mahaifina zai ce ai ya faɗa. Bai ce ba. Ya dai koma zama ta hannun damana duk lokacin cin tuwo, yana yi mini magana a hankali yana kallon fuskata, har ya bar duniya. Samarin da ke bin mu kuwa suka dinga kawo mini kekunan da ba abin da ya same su, wai in duba musu, don dai su zauna tare da ni. Ƙungiyar ta yi wasu shekaru tana tashe kafin a yi wa Malam canjin wurin aiki, kuma duk sabuwar waƙar da suka yi sai ya zo ya karanta mini baitocinta a kunne.

Na yi aure, na haihu, na ci gaba da sana'ata, alhamdu lillahi. Amma akwai abin da har yau ke ci mini rai. Ranar da mahaifiyata za ta rasu ta riƙe hannuna tana yi mini magana, muryarta ta yi rauni, na kai kunnena har bakinta ban ji ko kalma ɗaya ba. Ƙanwata ce ta maimaita mini daga baya cewa albarka ta sa mini.

Ba na nadamar kiɗan da muka yi, domin gaskiya muka faɗa kuma ba mu zubar da mutuncinmu ba. Nadamata ita ce an gargaɗe ni na ɗauka wasa ne, da ciwo ya zo kuma na ɓoye shi na kai shi inda bai dace ba. Yanzu ina ganin yara suna manne wa manyan lasifikoki a wurin biki, wasu sun cusa abin sauraro a kunne wuni guda. Ina roƙonku, duk wanda ya ji kunnensa na kuka bayan ƙara, ya matsa nesa, ya je asibiti, kada ya bari kowa ya zura masa tsinke. Kiɗa za ka iya sake ji gobe, amma akwai maganar da sau ɗaya za a faɗa maka.